Sadakar Wani Bawan Allah

Sufeto Muhsin ya tsani kes ɗin da aka gama yanke wa hukunci kafin a kawo masa, wannan kuwa irinsa ne. An kwashe na'urorin caje fasinja, irin na hannu masu kuka in sun ji ƙarfe, daga siton wani ƙaramin filin jirgin sama.

Shekara da shekaru ana ɗora wa kowane tikiti kuɗin tsaro, kuɗin na sulalewa zuwa labulen ofis da motocin manya. Da fasinjoji suka tada jijiyar wuya, sai aka ce daga bana kuɗin tsaro a kashe shi kan tsaro. Na'urorin nan su ne abin farko da aka saya, sai ga shi sun yi ƙafa.

Manajan tsaro, Alhaji Bashir, ya riga ya damƙa wa 'yan sanda mai gadin siton, Labaran. Ogan Muhsin ya ce ranar Litinin a kai shi kotu, a huta.

Muhsin ya duba kwaɗon sito, ko ƙwarzane babu.

"Wa da wa ke da makulli?"

"Ni da Labaran," in ji Alhaji Bashir. "Amma ni ko kwalin ban taɓa buɗewa ba. Ɗan unguwarmu ne, ni na samo masa aikin, ka ga sakayyar."

A caji ofis Labaran ya rantse bai ɗauki komai ba, bai kuma bar bakin aiki ba. Mai shayin bakin get kuwa ya ce ranar Asabar, ranar da kayan suka ɓace, ya ga fitarsa tun hantsi. Da Muhsin ya tambayi wanda ya sallame shi, sai Labaran ya sunkuyar da kai ya yi gum. Haushi ya kama Muhsin. Yana ƙoƙarin cire mutum daga rami, mutumin na ƙara tona wa kansa.

Ranar Juma'a ya shiga cikin birni, Limancin Kona, ya caje gidan su Labaran har ƙarƙashin gado, bai samu ko waya ba. Lokacin salla ya yi, ya bi jama'a zuwa masallacin unguwar. A bakin ƙofa ɗan agaji ya shafa masa wata sabuwar na'ura dal. Muhsin ya riƙe hannunsa, ya juya ta. An kankare tambarin filin jirgin, amma an bar wutsiyar jirgin da ke jikin tambarin.

Ɗan agajin ya ce ladan ne ya kawo musu. Ladan kuwa Malam Sani ne, mahaifin Labaran. In maganar ta tsaya nan, uba ma zai bi ɗa.

Bayan an sallame, Malam Sani ya ɗauki lasifika ya nemi a yi wa wani bawan Allah Fatiha, wanda ya sadaukar da na'urorin bakin ƙofa. Jama'a suka ɗaga hannu. Muhsin ya jira ya sauko, ya ja shi gefe.

"Baba, wane ne bawan Allahn?"

"Ya ce kada a ambace shi, ɗana. Sadakar ɓoye ce, na yi alkawari."

Muhsin ya yi lallashi, ya yi barazana, dattijon bai motsa ba. Shi bai san abin da aka ce ɗansa ya sata ba, kayan ofis kawai aka gaya masa.

"Baba, waɗannan su ne kayan. Saboda su ɗanka ke kulle, ranar Litinin kuma sai gidan yari."

Malam Sani ya dafa bango. Sannan ya juya ya nuna sahun gaba da carbinsa. Alhaji Bashir na zaune, jama'a na miƙa masa hannu.

Da Muhsin ya tsare shi, da farko ya musa. Amma 'yan agaji suka ce ai da kansa ya koya musu yadda ake kunna su. Nan ya saki. Shi ya sallami Labaran ranar Asabar, ya loda kayan a but ɗin motarsa, ya sayar da yawancinsu, ya kawo ragowar masallaci ko Allah ya rufa asiri.

"Kuɗin fasinjoji ne fa, Sufeto, ba na kowa ba," ya ce a hankali. "Da ma can haka ake yi da shi."

"Labaran fa, shi ma ba na kowa ba ne?"

Muhsin ya sa masa ankwa a ƙarƙashin babbar riga, don darajar wurin, aka fita da shi ta ƙofar liman.

Da la'asar aka fito da Labaran, ana miƙa masa takalmansa a kanta daidai lokacin da ake shigar da Alhaji. Muhsin ya zuba ido ya ga abin da zai ce wa mutumin da ya so ya kai shi gidan yari.

Labaran ya ajiye takalman, ya durƙusa har ƙasa.

"Barka da yamma, Alhaji."

Muhsin ya shige ofis ya bugo ƙofa.