Dusar Dakta Saude

"Kai, matar nan dusarta da yawa. Dubi yadda kwalbar ke cika."

Ba da Juwairiyya ake ba. Wani ma'aikaci ne mai farar riga yake gaya wa ɗan'uwansa a bakin ƙofa, ƙasa-ƙasa, yana ɓare gyaɗa. Bai ma lura da yarinyar da ke zaune kan benci rungume da jakar uwarta ba. Amma maganar ta shige ta, ta zauna.

Ta cikin gilashi tana hango Ummanta, Dakta Saude, kwance a kan gado, an sa mata kai cikin wani zobe na ƙarfe mai faɗin faifai. Zoben yana kaɗawa a hankali, dama, hagu, dama, hagu, da wata 'yar ƙara kamar ana tankaɗe a maƙwabta. Shi ya sa ake ce wa na'urar Matankaɗi. Daga bayan zoben wani siririn bututu ya sauka zuwa cikin kwalba, wani abu mai ruwan toka yana ɗiga a ciki.

Masanan Jami'ar Birnin Madubi ne suka ƙera ta. A cewarsu, kusan rabin ƙarfin ƙwaƙwalwar mutum ba a tunani yake ƙarewa ba, a kara yake ƙarewa: wa zan gaisar, me zan haɗiye, gaban wa zan sunkuyar da kai, sunan wa ba zan kama ba. Matankaɗi tana bin jijiyoyin kai ta ware wannan gefe, ta bar wa mutum tsabar tunani. Abin da ya rage a kai shi ne gari. Abin da ya sauka a kwalba kuwa, dusa.

Da farko ganin dama ne. Sai waɗanda aka tankaɗe suka fara fitar da bincike kamar ana zubo ruwa, Asusun Bincike kuma ya daina waiwayar kowa sai su. Asusun ma ai ba mutane ba ne yanzu, kwamfuta ce mai auna aikin kowane malami. A saman ƙofar kowane ɗakin gwaji akwai fitila. In koriya ce, akwai wuta, akwai sanyi, akwai kuɗin aiki. In ta koma ja, an yanke. Birnin Madubi kuwa gari ne da silifa ke narkewa a titi da azahar. Ɗakin da aka kashe wa sanyi, duk abin da ke da rai a cikinsa ba ya kai la'asar.

Abin da ke cikin ɗakin Dakta Saude gero ne. Tun Juwairiyya na goye take neman irin da zai yi tsiro a ƙasar da gishiri ya cinye, wadda ta kori manoman arewacin birnin daga gonakinsu. Ta kusa. Sai fitilarta ta fara rawaya.

Da aka buɗe ƙofa, Dakta ta fito da ƙafarta, ba jiri ba komai. Ta gyara mayafi, ta dubi 'yarta ido cikin ido.

"Juwairiyya, miƙo min jakata."

Jakar ta kusa faɗuwa.

Juwairiyya ce 'yar fari. Tun da take, ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba. "Ke" ce, ko "yarinyar nan", in kuma da baƙi sai ta zama "ta wajen Iya". Ko zazzaɓi take yi, Umma ba ta zama kusa da ita a gaban mutane, sai dai ta riƙa wucewa ta ƙofar ɗakin kamar tana neman wani abu da ta ajiye. In an yanka kaza, sai a tarar da ƙundu a rufe cikin kwanon Juwairiyya, kuma babu wanda ya san yadda aka yi ya shiga. Tana ƙarama ta sha kwanciya tana raya yadda sunan zai fito daga bakin Umma. Yau ga shi ya fito, daidai, harafi bai ɓata ba, irin yadda na'urar tashar jirgin ƙasa ke kiran fasinja.

Duk da haka ta ji daɗi. Wannan ne ya fi damunta daga baya.

A gida Iya Kande, mahaifiyar Dakta, tana zaune a tabarma gaban bututun sanyi tana tsinke zogale.

"To, 'yar rakiya, an dawo da ita da kanta ko an bar shi can?"

"Ga ta nan ai, Iya, ki duba da kanki."

"Ni da idona ya tafi? Ke dai faɗa min, mummuna."

Dakta ta shigo ba sallama. "Iya, zogalen nan kin cika masa tsinke. Juwairiyya, ɗora ruwa."

Hannun tsohuwar ya tsaya cak a cikin faranti. "Saude, wa kika kira?"

"'Yata. Sunanta ke nan."

"A gabana?"

"Ke kika zaɓa mata shi ai."

 Da Dakta ta shige ɗaki, sai Iya Kande ta jawo hannun jikarta ta ce, "Wannan wa kuka ɗauko min?"

Kafin damina ta faɗi, fitilar ta koma koriya shar. Abin da Dakta ta yi shekaru tana zagayawa, ta warware shi a zama ɗaya tana cin tuwo. Geron ya tsiro a cikin ƙasa fara fat da gishiri. Aka buga aikinta a manyan mujallu, aka ƙara mata ɗakuna, aka ba ta ɗalibai, aka kira ta Farfesa. Suka tashi daga rukunin ƙasa zuwa benen manyan malamai, inda sanyi ba ya ɗaukewa. Iya Kande ta samu sabon ido na gilashi a asibitin jami'a, kyauta, tana ta mita wai yanzu ta ga munin kowa.

Ba wanda zai ce Farfesa Saude ta zama muguwa. Ba ta faɗa, ba ta tsawa. Gaisuwa ce dai ta gajarce har ta ɓace. Maƙwabciyarsu ta dā ta rasu, Farfesa ta ce zuwanta ba zai dawo da ita ba. Ta kama kiran marigayi mijinta da sunansa, Garba kaza, Garba kaza, kamar wani masinja. Ranar da aka yanka kaza kuwa ta raba naman daidai wa daida, ƙundun ta yanka shi uku.

Rannan da safe tana ɗaure takalmi ta ce, "Juwairiyya, likitan jami'a ya ce yana da kyau a riƙa gaya wa iyali ana son su. Ina son ki."

"Na gode, Umma."

"Kashe fitilar falo in za ki fita."

Juwairiyya ta shiga banɗaki ta buɗe famfo don kada Iya ta ji.

Ranar walimar zama farfesa aka cika babban zauren jami'a. Na'urori masu taya suna zagayawa da zoɓo da dambun nama. Juwairiyya ta maƙale kusa da ginshiƙi, inda ta saba tsayawa a taro, tana kallo. Ba wuya a gane waɗanda aka tankaɗe. Ba sa cewa bismillah ga na kusa da su kafin su ci. Ba sa dariyar da ake yi don a rufa wa mai ba da labari asiri. Tsofaffin malaman da suka ƙi shiga kuwa suna can baya, rigunansu sun sha guga, ana ce musu masu jar fitila.

Wani dogon mutum ya zo ya tsaya gaban Ummanta. Farfesa Tanimu ne, shugaban sashen, wanda aka ce shi har tankaɗe na biyu an yi masa.

"Saude, Asusun ya amince da gonar gwaji, duk faɗin arewacin birni. Sharaɗin dai kin san shi, tankaɗe na biyu."

"Na sani."

Wata mata a bayan Juwairiyya ta yi wa ƙawarta raɗa: "Kin ga Farfesa Tanimu? Yau da safe aka kai ɗansa. Daga maƙabarta ya wuce aji, ko hula bai canza ba."

Juwairiyya ta dubi mutumin. Yana tauna dambu a nutse, fuskarsa sumul.

Washegari ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta je wuri ita kaɗai ba an aike ta ba. Ta hau jirgin ƙasa mai bi ta saman titi zuwa ginin Matankaɗi, ta yi ta tsayuwa a baranda har mai gyaɗar nan ya fito. A jikin rigarsa an rubuta Malam Ilu.

"Ina wuni, Malam."

"Lafiya lau. A'a, 'yar Farfesa ce? Ke ma tankaɗen za a yi miki? Ai ke in aka tankaɗe ki, mayafin kawai za a mayar gida."

Ta sunkuyar da kai. "Kwalbar nake so in gani."

Ya dube ta na ɗan lokaci, ya zuba sauran gyaɗar a aljihu. "Biyo ni."

Ɗakin ajiyar yana ƙarƙashin ƙasa, da sanyi mai shiga ƙashi. Kantoci ne har rufi, kwalabe jere, kowacce da abin nan mai ruwan toka yana motsi a ciki a hankali, kamar hayaƙin da ya rasa mafita. Ya nuna mata ta Umma. Ta fi na kusa da ita cika.

"Ana iya mayarwa?"

"Ana iyawa, muddin ba a yi na biyu ba. Na farko cirewa ne, gurbin yana nan. Na biyu shi ke toshe gurbin, a ba wa tunani wurin gaba ɗaya. Daga nan sai mu zubar da kwalbar, don ba inda za ta koma."

"To a mayar mata."

"Sai mai ita ta nema da bakinta."

"Akwai wanda ya taɓa nema?"

Malam Ilu ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Da me zai nema? Abin da zai sa ya nema ai shi ne a cikin kwalbar."

Ta kai yatsa ta taɓa gilashin. Da ɗumi. Duk sanyin ɗakin nan, kwalbar da ɗumi.

"Ba ta san abin da za a cire ba," ta ce. "Da ta sani..."

"Yarinya." Ya sosa ƙeya. "Ba ma yi wa kowa da ka. Kafin a kunna, na'urar tana nuna wa mutum a allo abin da ya fi cin wuri a kansa, daga babba zuwa ƙarami. Fuska-fuska take nunawa. Sai ya kalla ya ce na yarda, sannan mu danna."

"Me ta nuna mata?"

"Wannan ba ni zan faɗa ba. Ni dai na san ta daɗe tana kallo. Har na ce ko mu ɗaga zuwa wani lokaci."

Juwairiyya ta koma gida da maganar a ranta. Ta ga Umma a falo, ta wuce. Ta gan ta a kicin, ta wuce. Kullum sai ta shirya bakinta, sai ta tarar ta tambayi abin da za a dafa. Iya Kande, da sabon idonta, ba abin da ya wuce ta.

"Ke, kina ta zagaye uwarki kamar kaza za ta yi ƙwai. In magana ce ki yi ta."

"Kunya nake ji, Iya."

"Kunyar wa? Ai ke kaɗai kika rage da ita a tsakaninku."

Ranar da aka sa za a yi na biyun, Farfesa ta fita tun da hantsi ta biya ta ɗakin geronta. Juwairiyya ta bi ta. Rumfar gilashi ce doguwa, geron ya fi mutum tsayi, zangarniya ta sunkuyo don nauyi, ƙasan kuwa fari kamar an barbaɗa kanwa. Ƙananan na'urori masu fiffike suna bi layi-layi suna auna ganye.

"Umma, kar ki je."

Farfesa ba ta juyo ba, tana murza zangarniya a tafin hannu. "In ban je ba, Asusun zai ba wa wani gonar, wanda bai san irin nan ba. Zai ɓata shi. Mutanen da ke kwana a ƙarƙashin gadar jirgi, waɗanda kike gani ta taga, manoma ne. Wannan ne zai mayar da su gida. Akwai kuskure a abin da na faɗa?"

"Babu."

"To."

"A mayar miki da kwalbar, ki ci gaba da aikin a hankali, kamar dā."

"Kamar dā fitilata rawaya ce. Kuma ba abin da ke min ciwo, Juwairiyya. Dā kullum ƙirjina a cike yake, ina aiki hankalina na gida. Yanzu shiru. Ba ki san daɗin shirun nan ba."

Agogon hannunta ya yi ƙara. Motar ginin Matankaɗi ta tsaya a bakin rumfar, ba direba, ƙofarta ta buɗe da kanta tana jira. Farfesa ta kakkaɓe hannu ta nufi ƙofa.

Juwairiyya ta ji ƙafafunta sun kai ta gaban ƙofar kafin ta yi shawara. Ba ta taɓa tare wa babba hanya ba. Ta ɗago kai, ta dubi uwarta a ido, abin da shi ma ba ta taɓa yi ba. Idon ya dube ta, a buɗe, ba ya gudu, ba ya neman komai.

"Matsa, za a makara."

"Umma," ta ce, "ranar da aka nuna miki allon nan, kika kalla, kika ce kin yarda... fuskar wa ce a farko?"