Bushiya a Ƙarƙashin Kwando

A can wani zamani an yi wata tsohuwa mai lambun alayyafo a bakin rafi. Mace ce mai yawan zargi, ko akuya ce ta gifta sai ta bi ta da harara.

Wata safiya ta tarar an huhhuda mata ganye, ga kuma bushiya a dunƙule a gindin shinge. Ta dubi ganye, ta dubi bushiya, ta ce, "In ba ki da laifi, me ya sa kika ɓoye fuska?" Ta kife ta da kwando, ta ɗora dutse.

Maƙwabcinta mai lambun albasa ya leƙo ya ce, "Iya, kin gan ta tana ci?"

Ta ce, "Ban gani ba. Kai ma ba yarda na yi da kai ba."

Washegari ɓarnar ta ƙaru. Tsohuwa ta dubi ganye, ta dubi kwando, dutse na nan inda ta ajiye shi. Ta girgiza alayyafo, sai ga tsutsotsi suna zubowa, sun yi ɓul-ɓul. Ta ture dutse, ta ɗaga kwando. Bushiya ta fito da yunwa, ta bi tsutsotsin nan ta cinye tas.

Tsohuwa ta zuba mata ruwa a kasko, ta tara mata busasshen ganye, bushiya ta kwanta.

Maƙwabci ya sake leƙowa ya ce, "Iya, kin saki ɓarauniyar?"

Ta harare shi ta ce, "Rage murya, mai gadina na barci."