Cindo da Akwatin 'Yan Tsaki

A wani gari an yi wani mai kiwon kaji, Cindo, mutum mai gaggawa. Yayansa, mai gyaran rediyo, ya haɗa masa batir da fis da waya mai yin zafi in wuta ta bi ta, don ɗumama akwatin 'yan tsaki.

Ya ce, "Ƙarfin batirin bolt sha biyu ne, turjiyar wayar om shida. Raba sha biyu gida shida, wutar da ke gudana amfiya biyu ke nan. Fis ɗin nan amfiya uku kawai yake ɗauka, in wuta ta wuce haka sai ya ƙone ya yanke ta. Kafin ka taɓa, ka raba."

Ran nan aka kwana ana ruwa, Cindo ya ga ɗumin bai isa ba. Ya rage tsawon wayar don wuta ta ƙaru, turjiya ta koma om uku. Bai raba ba. Fis ya ƙone.

Cindo ya ce, "Yayana akwai tsoro!" Ya cusa ƙusa a gurbin fis, ya ƙara rage wayar har om ɗaya. Bai raba ba. Ya tafi kasuwa.

Da ya dawo, ƙauri ne ya tarye shi tun daga zaure. Akwatin ya zama gawayi, ko ɗan tsako ɗaya bai tsira ba.

Yayan ya zo, ya zaro ƙusar daga toka, ya ce, "Sha biyu gida ɗaya, nawa ke nan?"

"Sha biyu, Yaya."

"Ashe ka iya."