Sarewar Baba a Katin Sauti

Auta malamar firamare ce, ita kaɗai ta rage a gida tare da mahaifinta. Baba ya yi rayuwarsa yana busa sarewa, har ciwon ƙirji ya rage masa numfashi. Yanzu in ya ɗauke ta, busa ɗaya zai yi tari ya sarƙe shi, sai ya mayar da ita ƙarƙashin matashi. Gidan bai rasa abinci ba, amma ya yi tsit.

Ranar da tsohuwar kwamfutar makaranta ta daina fitar da kiɗan da yara ke waƙa da shi, Auta ta kai ta, tare da ɗan fiyanon da ake haɗa mata, wani ɗan shago cike da wayoyi. Saurayin da ke ciki, wanda 'yan layin ke kira Injiniya, ya ɗago kai, sukudireba ta suɓuce masa.

"Katin sautinku lafiyarsa lau, Malama. Fayil ne ya lalace."

"Yi mini bayani kamar ɗan aji ɗaya."

Ya jawo mata kujera. Ya ce kowane abin kiɗa yana da fayil ɗinsa mai kashi biyu. A farko akwai 'yan lambobi da ke gaya wa kati saurin da zai karanta sautin, da inda zai fara maimaitawa, da inda zai juyo. Bayansu sai sautin kansa, ɗan guntu kawai.

"Guntun nan kati ke ta juyawa, muddin yatsa na kan madannin fiyano."

Kwamfuta ta gyaru a ranar, amma Auta ba ta daina samun dalilin bi ta layin ba.

"Malamata, yau ba abin da ya lalace a makaranta?" ya rubuto mata.

"Hankalin malama ne. Kana gyarawa?"

Da maganar soyayyarsu ta kai kunnen Baba, ya ture kofin da ke gabansa.

"Mai ɗura kiɗa a akwati? Su suka raba mu da sana'a. Ba zai zauna a tabarmata ba."

Gwaggo, ƙanwar Baba mai yawan zuwa duba shi, ta sa baki. "Ga mai kantin magani nan, kullum yana aiko wa yayana da na tari. Ke sai mai wayoyi?"

Auta ta kasa zama wuri ɗaya. Ta share ɗaki, ta sake sharewa, ta ɗauki waya ta ajiye. Tana tsaye a bakin ƙofar Baba ta ji ya gwada sarewa. Murya ta fito tas, ta yanke, tari ya biyo. Ɗan guntu kawai. Sai bayanin Injiniya ya faɗo mata. Washegari ta ari na'urar naɗar sauti ta makaranta, ta laɓe ta ɗauki busar, ta kai wa Injiniya.

Da ƙyar Baba ya yarda ya saurari abin da Injiniya ya haɗa da busar. Injiniya ya durƙusa ya haɗa wayoyi, ya danna. Wani siririn kuka ya fito, sak na sauro.

Gwaggo ta kwashe da dariya. Baba bai yi ba.

"Ba'a ka zo yi mini har gida? Kwashe tarkacenka."

Auta ta shige ɗaki. Injiniya ya kira, ta ƙi ɗauka. Sai ga saƙo:

"Hasken idona, laifina ne, amma wallahi ba raini ba ne. Ɗoki ya sa na rubuta ninkin saurin da na'urarki ta yi naɗi da shi, kati kuwa abin da aka rubuta masa yake bi. Busar Baba tana nan yadda take. Na gyara lambar. In ba a son ganina, ke ki kai masa."

Ta karanta tana zagaye ɗakin, sannan ta yafa mayafi.

Da yamma ta ajiye kwamfuta da ɗan fiyanon a gaban Baba.

"Baba, ba zan ce komai ba. Ka danna nan kawai."

Ya harare ta, ya miƙa yatsa don ta ƙyale shi. Sarewarsa ta cika ɗakin, da ɗan kaushin nan nata da Auta ta sani tun tana goye. Bai ɗaga yatsan ba, muryar kuma ba ta yanke ba. Ya wuce inda tari ke tsayar da shi, ya ci gaba. Gwaggo ta rufe baki da hannu.

Ya lalubi madanni na gaba, ya ɓata, ya sake.

"Ina yaron?"

"Yana ƙofar gida, Baba. Tun ɗazu."

"Tsayuwar me yake yi kamar falwaya? Ce ya shigo ya nuna mini inda manyan muryoyin suke."

Bayan ɗaurin aure, Baba ya dafa kawunansu. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Kai kuma, kar ka sake mayar mini da sarewa sauro."

"Na tuba, Baba."

Da za su tafi, Auta ta waiwaya daga ƙofa, ta ji busa na fitowa daga ɗakinsa. A nan ta gane Baba bai taɓa ƙin Injiniya ba. Tsoro yake ji kada ta tafi ta bar shi a gidan da ba ya jin komai sai tarinsa.