Raɓa a Bakin Gada

Muryarta ya fara ji kafin ya ga fuskarta.

Muhyiddeen ya shiga wani kemis kusa da tashar Wudil neman maganin mura. A ciki wata budurwa tana wanke wa wata tsohuwa ciwo, tsohuwar tana ta janye ƙafa.

"Kada ki motsa, Iya. Ina nan."

Ya tsaya har ta gama. Da ta juyo ta tambaye shi me yake so, ya ce, "Muryarki."

"Ba ma sayar da ita. Akwai dai farasitamol."

Sunanta Khaulat, 'yar Malam Abdulbaqi, ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya yi ritaya. Shi kuwa bai daɗe da dawowa daga Malesiya ba, inda ya koyi haɗa wasannin kwamfuta. Yana gina wani gem mai suna Masu Tsaron Gada: jarumai huɗu masu baiwar da ta fi ta ɗan Adam suna kare garin daga wasu halittu masu fitowa daga kogi. Bi da bi ake yin sa kamar dara, ka matsa naka, maƙiya su matsa nasu. Akwai Ƙarfe, wanda makami ba ya kama shi. Akwai Guguwa. Akwai Jagora, wanda mai wasa yake sa wa sunan kansa, ya yi ta renon ƙarfinsa tun daga farko. Ta huɗu ita ce Raɓa, mai warkar da rauni. Dokar wasan ɗaya ce: wanda ya mutu ya mutu, ba ya dawowa.

Shi ya yi muryar Jagora. Raɓa ce ba ta da murya.

Da ya nemi Khaulat ta yi muryar Raɓa, Malam Abdulbaqi ya yarda, amma ya ce a zauren gidansa za a ɗauka. Nan suka saba. Tana kiran shi Injiniya, yana kiran ta Likita. Ranar ƙarshe ya ce, "Saura ɗaya. Yi kamar an buge ki kin faɗi."

Ta yi ta dariya, ta kasa. Can ta rufe ido ta ƙwalla: "Wayyo Allah, Umma!"

Ummanta, Hajiya Safara'u, ta fito da gudu, ludayi a hannu. Suka bushe da dariya. Ita ba ta yi ba.

"Ba na son wannan," ta ce, ta koma ciki.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Likita, na saurari muryarki yau har kwamfutar ta yi zafi. In an gama aikin nan, da wane dalili zan riƙa zuwa zauren Abba?"

Ta mayar: "Ka nemi dalilin da manya ke turowa a kansa, Injiniyana. Ni ba zan koya maka komai da komai ba."

Gem ɗin ya fita bayan ƙaramar Sallah, kuma ya karɓu. Ɗalibai suka riƙa kwafe wa juna a filash. A intanet aka yaba: ga kasuwar shanu ta Kara, ga masu yashi a bakin kogi, ga jarumai suna Hausa. Ƙorafi ɗaya kowa yake yi, cewa matakin gada ya yi tsauri. Mutane suka maƙale a wurin.

Lukman ne ya gano hanya. Shi ne mai gidan gem mafi cika a garin, kuma ya taɓa neman Khaulat ta ce masa a'a. Ya lura cewa halittun kullum mai magani suke fara kai wa hari. In aka tsayar da Raɓa ita kaɗai a bakin gada, za su taru a kanta, sauran ukun su haye lafiya. Ya ɗauki bidiyo ya saki. A ciki bai ce Raɓa ba.

"Abin mai sauƙi ne, samari," in ji shi yana murmushi. "Ku bar musu Khaulat."

Daga nan muryarta ta cika garin. Ka wuce ta ƙofar gidan gem da hantsi, za ka ji ta tana kiran Ummanta. Ka dawo da la'asar, haka. Wani ya yanko ihun ya mayar da shi ƙarar kiran waya. Masu zuwa kemis suka fara tsokana: "Likita, yau sau nawa aka kashe ki?"

Wata Juma'a Hajiya Safara'u tana cinikin tattasai a kasuwa, ta ji 'yarta ta kira ta daga aljihun wani mutum da ba ta taɓa gani ba. Sai da aka zaunar da ita aka ba ta ruwa.

Khaulat ta tura saƙo: "Injiniya, ka san haka za ta faru?"

"Ni na tsara su fara bin mai magani. A kowane wasa irin wannan haka maƙiyi mai wayo yake yi. Alama ce wasan ya yi kyau."

Ta karanta. Ta kife wayar.

Sai zazzaɓi ya kwantar da ita. A asibiti aka ce taifot ce. Umma ba ta musa ba, amma ta ce wa mijinta, "Malam, baki ne. Gari guda kullum ana haɗa sunanta da mutuwa, safe da yamma. Ko dutse ne ya ji a jikinsa." Maƙwabta masu zuwa dubiya suna fita suna ƙus-ƙus. Wasu suka fara cewa yaron da ya je ƙasar waje ba ilimi kaɗai ya dawo da shi ba.

Muhyiddeen ya zo dubiya. A zaure aka tsayar da shi. Bayan doguwar gaisuwa Malam Abdulbaqi ya ce, "Za ka iya janye abin nan?"

"Ba zan iya ba, Abba. Ya shiga hannun mutane. Na fitar da sabo babu muryarta, ba wanda ya ɗauka."

"Akwai hanyar da ake haye gadar tana raye?"

"Akwai. Sai dai Jagora ya tsaya a madadinta."

"Me ya hana su bi?"

"Jagora shi ne su. Sunansu ne a kansa. Ba wanda yake son ya rasa shi."

Tsohon ya dube shi. "Kai da kake gwadawa kafin ka saki, wacce ka fi bi?"

Muhyiddeen ya ce, "Ita na riƙa bar musu."

"To." Malam Abdulbaqi ya miƙe. "Na gode da ba ka yi mini ƙarya ba. Amma kada ka turo kowa. Ba zan ba da 'yata ga wanda ya gina inda ake kashe ta kullum ba."

Satin bai ƙare ba kawun Lukman ya zo da goro, yana tambaya ko an yi wa yarinyar miji.

Muhyiddeen ya rubuta: "Raɓata, amsar da na ba ki ta wawa ce. Kin tambaye ni a kanki, na ba ki amsa a kan wasa. Ban san yadda zan gyara ba. In kin ce in bar garin, zan bari."

Sai da ta fara cin abinci ta mayar: "In ka bar garin, wa zai ji ihun tare da ni? Gobe bayan la'asar ka same ni a gidan gem ɗin Lukman. Ka zo da sunanka."

Ta zo a rame, cikin hijabi mai ruwan toka. Ba ta shiga ba, a bakin ƙofa ta tsaya. Samari suka ɗago daga kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya. A ɗaya daga ciki ana tsaka da kashe ta. Mai wasan ya yi sauri ya rage ƙara.

"Sannunku, jarumai," ta ce. "Na zo ne in ga fuskokinku. An ce min ku ne masu tura mace gaba ku ruga."

"Dabara ce, Likita," in ji wani.

"Sunanta ke nan yanzu? Da a unguwarmu ragwanci ake ce mata."

Aka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Lukman ya taso. "Ke, ba a cin matakin nan ta wata hanya. Tambayi saurayinki."

"Ana ci," in ji Muhyiddeen daga bayanta. "Ba ni kujera."

Ya zauna, ya buɗe wasan da ya ajiye a filash, Jagoran da ya rena tun ranar farko, da sunansa a rubuce a kai. Ya janye Raɓa baya. Ya sa Ƙarfe ya kare ta. Ya matsa Jagora gida ɗaya, gida biyu, har tsakiyar gada, inda hanyar ta ƙuntata, ba maƙiyin da zai wuce sai ta kansa. Halittun suka fito daga ruwa. Samari suka taru a bayansa. Kuskure ɗaya, su ratsa su same ta. Ya yi ta zufa yana matsa sauran ukun, jinin Jagora yana raguwa. Raɓa ta taka ƙasa a ɗaya gaɓar, sai muryar Muhyiddeen ta fito daga sifika, ihun da ba wanda ya taɓa ji a garin: "Innalillahi! Ku tafi!"

Sunansa ya dushe a allon.

"Kai!" wani ya ce. "Tashi in gwada."

Ba tausayi ne ya juya su ba. Hanyar ta fi wuya, shi ke nan. Kafin wata ya ƙare, ba saurayin da zai yarda a gan shi ya bi "hanyar Lukman". Masu ƙarar waya suka canza don kada a yi musu dariya. Kawun Lukman bai dawo ba.

Malam Abdulbaqi ya aika aka kira Muhyiddeen.

"An ce yanzu kai ake kashewa."

"Ni ne, Abba."

"Mahaifiyarka ta ji?"

"Ta ji. Ta daina bi ta layin gidan gem. Kullum sai ta tofe ni da addu'a kafin in fita."

"To ka ji abin da muka ji. Ban yafe wa wasan nan ba. Amma na tambayi yarinyar, ta ce kai. Ka turo magabatanka."

An ɗaura auren a ƙofar gidan, ranar Asabar da hantsi. Da za a kai amarya, Hajiya Safara'u ta sa aka kira ango har cikin gida, abin da ba a saba ba. Ta sa su duka suka durƙusa a gabanta.

"Kai da ita, kada wanda ya sake yin kukan mutuwa da wasa. Kun ji ni?"

"Mun ji, Umma."

Ta ɗora hannu a kan 'yarta, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Sannan ta miƙa ɗayan zuwa kafaɗarsa.

"Allah ya tsare ku daga bakin mutane. Allah ya ba ku tsawon rai, ku biyun, ku tsufa tare."

Matan da ke tsakar gida suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa.