Marigayiya Tana Kan Layi

A ƙarƙashin katifa 'yarsa ta sami alluran ciwon sugarsa, ba a taɓa ko ɗaya ba. Baba Direba yana kwance a gefe, leɓe a bushe, numfashi sama-sama. Da ya farfaɗo a asibiti ya ga sirinji a hannun likita, sai ya juya fuska bango.

"Ta ce in ajiye," ya ce.

"Wa?" in ji 'yar.

"Nas."

Nas ɗin ƙungiyarsu kuwa ta rasu tun bara.

Da hantsi 'yar ta shigo ofishin ƙungiyar masu ciwon suga, ta dire wayar mahaifinta a teburin Shugaba. A ɗakin akwai baƙuwa, wata injiniya da aka ɗauko ta duba yadda ƙungiyar ke aiki da kwamfuta da waya, ta nuna musu inda ke yoyo.

"Likita ya ce in bai karɓi allura yau ba, mu cire tsammani," in ji 'yar. "Ku saurara."

Ta danna. Murya ce mai sanyi, ba gaggawa a cikinta.

"Baba Direba, ka ajiye allurar nan. Ka taho. Ina jiranka."

Shugaba ta dafe ƙirji tana salati. A waje wayar ofis ta yi ta ruri. Yarinyar da ke teburin karɓar baƙi ba ta ko kalle ta ba, sai da wani ya fito daga ciki ya ɗaga.

"Muryarta ce?" in ji Injiniya.

"Ko a mafarki na ji zan gane."

"Yaya ta rasu?"

"Baba ke tuƙa motar ƙungiya, tana ciki. Sugarsa ta faɗi, ya sume a kan sitiyari. Shi ya fita, ita ba ta fita ba."

Injiniya ta buɗe kwamfutarta ta shiga manhajar da ƙungiyar ke tura wa marasa lafiya saƙon murya. Sunayen ma'aikata suka jeru. A gaban sunan Nas akwai ɗigon kore, alamar mai asusun yana kan layi.

"Me ya sa ba ku rufe asusunta ba?"

"Duk saƙonnin tunatarwa ita ta naɗe su, suna ciki," in ji Shugaba. "Mun gwada wata murya, tsofaffin suka daina ɗaga waya. Kuma, 'yata, hannuna ya kasa."

"Wa ya san kalmar sirri?"

"Ni da Sarkin Waya, mai kula da na'urorinmu. Amma mijinta za ki tuhuma. A wurin jana'iza ya ce ba zai yafe wa Baba ba."

Injiniya ta duba inda saƙon ya fito. Ba daga nesa ba ne. Daga kwamfutar ɗakin naɗar murya aka tura shi, a cikin ofishin nan, lokacin cin abincin rana. Ta fita ta tambayi maigadi. Ya ce mijin bai taɓa tako ƙofar ba tun rasuwar. Shugaba kuwa kullum da rana tana zagayen asibitoci, shi yake buɗe mata get.

Ɗakin naɗar muryar ƙarami ne, ba taga. Tebur, kujera, makirfo, da rigar sanyin Nas rataye a ƙusa, ba wanda ya iya sauke ta. Kwamfutar a kunne take, asusun a buɗe. Sarkin Waya, mai kula da na'urorin ofis, ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shigowa.

"Kai sarki ne, kana tsoron fadarka?" in ji Injiniya.

"Anti, sarautata ta tsaya a nan. Ɗakin nan ko da rana sanyi gare shi."

"Ba taga, shi ya sa. Ka iya ƙera muryar mutum da kwamfuta?"

"Yanzu kowa ya iya. Ka zuba tsoffin saƙonni, ta kwaikwayo maka." Ya tsaya, ya gane abin da ya faɗa. "Wallahi ba ni ba ne."

"Mene ne kalmar sirrin?"

"Auta. Marigayiyar ce ta sa, ba mu canza ba."

Wuta ta ɗauke. Ɗakin ya yi duhu, sai hasken kwamfuta. Daga ƙarƙashin tebur wani abu ya ce ƙit, ya yi shiru, ya sake cewa ƙit. Sarkin Waya ya ja baya.

"Akwatin batir ne," ya ce, kamar kansa yake lallashi. "In wuta ta tafi yake kuka."

"Yaushe aka sayo shi?"

"Bana. Bayan rasuwarta."

Injiniya ta sa abin sauraro a kunne, ta ƙure sautin saƙon. Tsakanin "ka taho" da "ina jiranka" akwai ƙit. Bayansa kuma wani ɗan sauti, irin na mai haɗiye kuka. Ta buɗe tsoffin saƙonnin da Nas ta taɓa aika wa Baba shi kaɗai, ta saurari kaɗan. Sannan ta kira 'yar Baba, wadda ta riga ta koma asibiti, ta ce a ba shi wayar.

"Baba, da wane suna Nas ke kiranka?"

Sai da ya ja numfashi. "Angona. Tsokana ce. Ta ce in na daina shan shayi da suga za ta aure ni." Muryarsa ta karye. "Yanzu kuwa Baba Direba take cewa. Fushi take yi da ni. Tana da gaskiya."

Injiniya ta fito zaure. Shugaba da Sarkin Waya suka biyo ta. Yarinyar tana zaune a teburinta, hannuwa a kan cinya.

"Wace ce wannan?"

"Ƙanwar marigayiya ce, autarsu," in ji Shugaba. "Mun ɗauke ta bayan rasuwar."

"Me ya sa ba ta ɗaga waya?"

Sarkin Waya ne ya amsa, a hankali. "Ranar da ta fara ɗagawa, wata tsohuwa ta saki ihu ta jefar da waya. Sai aka ce ta bari."

Injiniya ta jawo kujera ta zauna gabanta.

"Na'ura ba ta haɗiye kuka, kuma ba ta san kukan batir ba. Mutum ne ya zauna a ɗakin can ya yi magana, bana, da rana, wuta a ɗauke. Wanda ya ƙera murya daga tsoffin saƙonni dole ya saurare su, da ya ji tana cewa angona. Wanda ya yi wannan bai saurari ko ɗaya ba. Ba zai iya jurewa ba. Sai ya kira tsohon da sunan da ya ji 'yan ofis na kiransa. Kalmar sirri kuwa ba sai an gaya miki ba. Sunanki ne."

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Auta, ce 'ina jiranka'."

Ta ɗago kai. Da ta yi magana, muryarta sak ta yayarta.

"Duk wata yana zuwa karɓar allura," in ji Auta da muryar Nas. "Ni ke miƙa masa. Ya ce sannu 'yata, ya tafi gida ya ci abinci. Ya san sugarsa na faɗuwa, ya hau mota. Ita ta tuna masa allura shekara da shekaru. Na ce bari ta tuna masa wani abu daban."

Shugaba ta ɗauki waya ta kira 'yan sanda. Kafin su iso, Injiniya ta kwafe saƙonnin Nas zuwa asusun ƙungiya, ta ajiye shaidar, ta canza kalmomin sirri, ta rufe asusun. Ɗigon kore ya mutu.

Da la'asar ta je asibiti da kanta. Ta kunna wa Baba saƙon, ta tsayar a daidai ƙit ɗin, ta yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurara, ido a rufe.

"Ke nan ba ita ba ce."

"Ba ita ba ce."

"Ba ta ce in taho ba."

"Ba ta ce ba."

Ya buɗe ido. "To me ta ce?"

Injiniya ta duba wayarta. Ta nemo wani tsohon saƙo ta danna. Babu ƙit a cikinsa. Nas tana dariya, ana jin motsin kujerarta.

"Angona, lokaci ya yi. Kar ka sa in zama bazawara tun kafin biki."

Baba Direba bai kalli kowa ba. Ya naɗe hannun rigarsa, ya miƙa wa likita dantse.