Kwale-kwalen da Ya Dawo Babu Kowa

Hadari ne ya koro Amatullahi cikin rumfar Siddiƙu a bakin titin Kalgo, tana dawowa daga lacca. Sana'arsa rubuta allunan shaguna, amma ran nan wani abu dabam yake yi. Ya kafa tsohuwar kalanda a gabansa yana kwaikwayon hoton da ke jiki: teku mai ruwan toka, sama a murtuke, can nesa ɗan kwale-kwale da mutum ɗaya a ciki.

"Wani mutumin Poland ne ya zana shi, sama da shekara ɗari da talatin," ya ce, ko tambayarsa ba ta yi ba. "Kusa, ɗigon fenti ne kawai. Sai kin ja baya yake zama ruwa."

Ta ja baya. Idonta ya ciko da ƙwalla, ba ta ce komai ba.

Tun daga nan yake kiran ta Sarauniyar Shiru, ita kuma tana kiran sa Mai Fenti. Wata bakwai tana gaya masa komai, ban da abu ɗaya. Shekara uku da suka wuce yayanta Muzzammil ya tafi duba gonar shinkafa lokacin ambaliya, aka tsinci kwale-kwalensa babu kowa. Tun ranar ba a ambaton sunansa a gidansu na Gwandu.

Da maganar aurensu ta taso, mahaifinta Malam Abduljalil ya ce, "Ba ni ba da ɗiyata ga mai zana abin da ke da rai."

Ta tura masa saƙo: "Mai Fenti, Baba ya ƙi. An ce masa kana zana mutane."

Ya amsa: "Kwantar da hankalinki, Sarauniya. Zan aiko masa da shaida."

Siddiƙu ya ɗebo fenti ruwan toka ya shafe mutumin da ke cikin kwale-kwalen zanen nan. Ya naɗe zanen a takarda ya ba ta. Sai a gaban iyayenta ta kwance.

Mahaifiyarta, Inno, ta dafe ƙirji ta fita. Malam ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗauki zanen ya shige ɗakinsa. Ranar ko abinci bai ci ba.

Amatullahi ta rubuta wa Siddiƙu labarin Muzzammil duka. Ta ƙare da cewa: "Ba laifinka ba ne, shiruna ne ya jawo. Kada ka sake kira."

Sati biyu yana turo saƙo ɗaya kowace safiya: "Ki ba Inno haƙuri." Tana karantawa, ta kife wayar.

Sai Malam ya aika a kira shi. Siddiƙu ya durƙusa a zaure, ga zanen jingine da bango. Amatullahi na laɓe bayan ƙofa.

"Da can akwai mutum cikinai?" Malam ya tambaya.

"Akwai, Malam. Na shafe shi ne don kada in saɓa muku. Wallahi ban sani ba. In kun ce in ƙona shi, yanzu zan ƙona."

"Wata nawa ka yi kana aikin?"

"Huɗu."

"Ka ɓata aikin wata huɗu don magana ɗaya da na yi." Malam ya kalli zanen. "Bar shi. Kullum sai na zauna gabanai. Haka aka kawo mini kwale-kwalen, babu kowa." Muryarsa ta karye. "Muzzammil ɗina."

Amatullahi ta toshe baki da mayafi. Shekara uku rabon da ta ji sunan a bakinsa.

"Tashi," in ji Malam. "Ka turo magabatanka."

Bayan babbar Sallah aka ɗaura auren a ƙofar gidan, ana yayyafi. Wayarta ta yi ƙara: "Sarauniya, an shafa Fatiha."

Ta amsa: "Na ji, Mai Fenti. Baba ya ce zanen ba ya cikin kayan da zan tafi da su."

A waje Malam ya ɗaga hannu. "Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari. Allah Ya jiƙan Muzzammil."

Daga cikin gida, amin ɗin Inno ya fi na kowa ƙarfi.